Murya Biyu a Maƙogwaro Ɗaya

Ni Hester Ormerod murya biyu gare ni, kuma ɗaya kaɗai mutanen gidanmu suka sani. Wadda suka sani siririya ce, fara tas, miƙaƙƙiya kamar zare. Baba ne ya ƙera ta da kansa tun ina 'yar mitsitsiya, ina hawa kan akwatin littattafai don in hango hannunsa. Ɗayar kuwa ni kaina ban san tana jikina ba sai da na tafi karatu Manchester. Ƙatuwa ce, mai duhu, mai kaɗawa. Idan na sake ta a ɗakina har kofuna sai sun amsa daga cikin kabad. Ita nake bari a ɗakin haya duk lokacin da zan zo gida, yadda ake barin kare wurin maƙwabta idan za a je gidan da ba a son kare.

To jama'a, wannan zuwan ta biyo ni.

Bari in daidaita muku zancen. Baba shi ne shugaban mawaƙan babban cocin garinmu tun kafin a haife ni, kuma ranar Asabar ɗin nan zai ajiye aiki. Domin sujadar ban kwana ya zauna ya rubuta waƙa da hannunsa, ta mutum biyu, ni da Gideon Fairclough. Ya rubuta ta ne yadda muryoyin biyu za su nannaɗe juna har mai sauraro ya kasa gane wace ce ta macen, wace ce ta namijin.

Kada ku yi mamaki. Gideon ƙato ne, ga jan gemu, ga hannu kamar na mahauci, amma idan ya buɗe baki a coci muryar sama ce ke fitowa, irin ta mata. Baƙi sukan yi ta waige-waige suna neman matar da ke waƙar. Mu kuwa mun saba. Shi ne mataimakin Baba, kuma kowa ya san kalma ɗaya Baba zai faɗa wa shugabannin coci kujerar ta zama tasa. Kowa kuma ya san akwai zoben neman aurena a cikin aljihun Gideon, har matar da ke sayar da burodi a bakin gada.

Abin da ba su sani ba shi ne, tuni na bar koyon aikin koyar da yara waƙa. Opera nake koyo, wasan da ake rera komai a kan dandamali, muryar mutum ɗaya ta haye kan makaɗan da suka cika ramin da ke gaban dandamalin ba tare da lasifika ba. Kuma ranar Litinin wani gidan opera a London ya kira ni gwajin murya.

Ranar Alhamis da rana na sauka daga jirgin ƙasa cikin yayyafi. Na tarar da kicin ɗinmu yadda na bar shi: tukunyar miya a kan wuta, safar Baba a shanye a jikin ƙarfen ɗumama ɗaki, kyanwarmu a kwance cikin kwandon dankali kamar ita ta saye shi.

"Ga 'yar birni," in ji Baba, yana kallona ta saman tabarau. "Maureen, duba min. Ramewa ta yi ko ƙiba?"

"Jiƙewa ta yi," in ji Mama da dusasshiyar muryarta. "Bar ta ta cire takalmi tukuna."

"Takalmi ba ya hana waƙa. Zo nan, 'yar tsuntsuwata. Kin duba abin da na aiko miki?"

"Na duba, Baba."

"Wurin da ya fi wuya shi ne ƙarshe. Dogon sautin nan. Ina son shi a miƙe, kamar an ja layi da alli. Babu karkarwar nan ta masu opera, da za ka rantse akuya ce aka ɗaure a cikin sanyi."

Na yi dariya tare da shi. Ku yafe min, dariyar tsoro ce.

Kada dai ku ɗauka Baba jahili ne. Yana da hujjarsa, kuma tun ina yarinya nake jin ta. Cocinmu na dutse ne, dogo, duk abin da ka ba shi sai ya tauna ya maido maka. Idan murya a miƙe take, a miƙe za ta dawo ta hau kan wadda ke biye. Idan tana kaɗawa, sai ta dawo tana kaɗawa ta yi karo da 'yar'uwarta, kalmomin su zama kunu. Shi ya sa a wurinsa babu wanda ya isa a ji shi shi kaɗai. Mutum talatin su zama baki ɗaya, ƙarshen kowace kalma ya faɗo lokaci guda kamar ɗigon ruwa.

Ina hawa sama wayata ta yi ƙara. Malama Delyth ce, mai koya min murya, tsohuwar da ba ta san gaisuwa ba.

"Kin gaya masa?"

"Tukuna, Malama."

"Hester. Likita ya zura miki kyamara a maƙogwaro, kin ga kumburin da idonki. Bai gama sauka ba. Idan kika shaƙe muryar nan kwana biyu don ki faranta wa tsoho, ranar Litinin iska za ki rera musu."

"Waƙa ɗaya ce fa."

"Maƙogwaron ma ɗaya ne. Ki sha ruwa. Kada ki yi raɗa, raɗa ta fi ihu ɓarna."

Na kifa wayar a kan gado. Gaskiya ta faɗa. Kafin in maido da tsohuwar muryar sai na ɗage zakaran wuyana sama, na ƙanƙame gindin harshe, na riƙa sakin numfashi kaɗan-kaɗan kamar mai rowa. Da can ba na ma sanin ina yi. Yanzu da Malama ta koya min sauke wuya kamar mai shirin hamma, in cika haƙarƙari har baya, komawa wancan tamkar cusa ƙafata ne cikin takalmin da na sa ina aji uku.

Da la'asar Gideon ya zo shan shayi, sanye da rigar ulun nan tasa mai ruwan ƙasa da gwiwar hannu ta huje. Mama ta fito da kofunan baƙi, masu zanen furanni, waɗanda ko limamin coci ba kullum yake samu ba.

"Gideon, ƙara kek."

"Na ƙoshi, Mama Maureen."

"Ƙato kamarka? Ƙara. Mai shirin ɗaukar iyali ba ya wasa da ciki."

Ya ƙware da shayi. Baba ya yi kamar bai ji ba, ya buɗe piyano. Muka rera waƙar sau ɗaya, a hankali, ni ina lallaɓawa kamar mai tafiya a kan ƙanƙara. Baba ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Da muka gama na ji kamar ƙayar kifi ta tsaya min a wuya.

"Zan raka ta ta sha iska," in ji Gideon.

"A cikin ruwan nan?" in ji Baba.

"Leonard, bar yara," in ji Mama.

Muka bi bakin kogi a ƙarƙashin lema ɗaya, rabin kafaɗarsa a waje tana jiƙa. Agwagi sun jeru a kan katanga duk sun juya mana baya. Sai da muka wuce gada ya yi magana.

"Wace ce?"

"Wa?"

"Wadda ke ƙarƙashin muryarki. Ina tsaye kusa da ke, Hester. Ina jin ta tana buga ƙofa."

Na tsaya cak. Na so in yi ƙarya, amma wa zan yi wa? Mutumin da tun muna yara yake gane ina da mura kafin ni in gane? Na kwashe komai na gaya masa: Malama Delyth, likita, kumburi, Litinin. Yana saurare yana murza gemu.

"Kin san babanki zai mutu," ya ce.

"Na gode. Ka kwantar min da hankali."

"A'a, tsaya. Ji nan. Ƙarshen ne kawai matsala, ko? A wurin nan 'yan matan ƙungiyar mawaƙa duka suna shigowa su riƙe sautin tare da ke. Ke ki taɓa shi kawai ki janye, ki bar bakinki a buɗe. Ni zan ƙara ƙarfi in rufe ki. Ko shi ba zai gane ba."

"Baba ne fa. Yana jin ƙuda idan ya sauka daga sauti."

"Ya tsufa. Kunnensa na hagu ya fara tafiya, ni kaɗai na sani. Kina ta hagunsa."

Wani sanyi ya ratsa ni, har na kama hannunsa. Na ji ɗan akwatin nan a aljihun kwat ɗinsa ya bugi cinyata, mai kusurwa huɗu, kowannenmu ya yi kamar bai ji ba.

"Idan suka ɗauke ki a London fa?" ya tambaya.

"Sai in tafi."

Ya daɗe yana kallon ruwa. "To. Ai jiragen ƙasa ba su ƙare ba." Amma agwagin ya gaya wa, ba ni ba.

Washegari da safe Mama ta kira ni ɗakinta. A kan gado ga riga shimfiɗe, koriya shar, ta karan-miski, mai dogon hannu da ƙananan maɓallai a wuya. Ita ta ɗinka da kekenta, da awon da ta ɗauka tun bara waccan. Ta walimar gobe ce, wadda za a yi a zauren coci bayan sujada.

"Sa mu gani. Ki cire wannan tsumman wandon."

Na sa. Ta hau daidai a kugu, daidai a kafaɗa. Da Mama ta ja zif ɗin baya sai ya tsaya a tsakiya ya ƙi gaba. Ta ja, ta sake ja. Sai na ji ta saki. Ta ɗora tafukanta biyu a kan haƙarƙarina, ta baya, masu sanyi.

"Ja numfashi."

"Mama..."

"Na ce ja."

Na ja. Jikina bai san ɓoyo ba. Haƙarƙarin ya buɗe ya ture hannayenta gefe kamar ƙofar gareji. Ta cikin madubi na ga fuskarta.

"Mai koyar da yara ba ta numfashi haka," ta ce. "Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Opera?"

Na gyaɗa kai. Ina jiran faɗa. Sai ta zauna a bakin gado, ta jawo gwangwanin allurai, ta fara farke ɗinkin gefe a jikina. Can, da allura a bakinta, ta ce:

"Da irinta na shigo gidan nan."

"Wace?"

"Muryar. Kin ɗauka da wannan muryar gwangwanin aka haife ni? Ranar da ubanki ya fara ji na, a wani ɗakin rawa ne, tagogi na rawa. Ya ce min kyakkyawa ce, amma ba za ta zauna a layi ba. Ni kuwa layinsa nake so in tsaya. Sai na daidaita ta."

"Har ta mutu."

"Ta kwanta. Ɗaga hannu." Ta soka allura. "Na samu gida, na samu ke, na samu mutumin da bai taɓa ɗaga min murya ba. Kin ga ina kuka?"

"Mama, likita ya ce idan na matsa..."

"Likita! Rana ɗaya ubanki yake roƙo a duk rayuwarsa. Ni shekaru na bayar. Ke rana ɗaya ta gagare ki?"

Ku gaya min, me ake ce wa uwa a nan? Na tsaya kamar gunkin shagon tela, tana zagaya ni da allurai, ina kallon tsohon hoton bikinsu a bango. A hoton bakinta a buɗe yake, tana dariya ko tana waƙa, ban taɓa tambaya ba.

Kafin in fita saƙo biyu suka shigo. Na Gideon: "Kada ki ji tsoro. Taɓa ki janye. Ina nan." Na Malama Delyth: "Idan kika kashe min aikin da na sha wuya a kansa, kada ki dawo min da kuka. Kin sha ruwa?"

Gwajin ƙarshe da yamma aka sa shi, a cikin cocin kansa. Sanyin wurin daban ne, irin mai shiga ta tafin ƙafa. Muka sa jajayen rigunanmu dogaye, muka jeru a kujerun katako masu fuskantar juna, maza a baya, mu a gaba. Duk 'yan matan da suka taɓa waƙa a hannun Baba an gayyato su, wasu da ciki, wasu da furfura. Kusa da ni Philippa Garside ce, wadda muka taso tare, yanzu likitar haƙori ce a Leeds.

"An ce gobe za a sha biki," ta raɗa min. "In zo da hankici?"

"Ki zo da abin toshe baki."

Sama da kujerata akwai wani kan dutse da magina suka sassaƙa tun zamanin da, mutum ne riƙe da kumatu kamar mai ciwon haƙori. Tun ina yarinya nake gaishe shi a zuci. Yau ma na gaishe shi, na ce ka taya ni.

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata ku sani. A wurin gwaji, duk wanda ya yi kuskure ɗaga hannu yake yi, waƙa na tafiya. Ma'anarsa, ni ne, na sani, ba sai an tsaya ba. Idan hannu ya tashi Baba ba ya ko kallonka. Idan kuwa ya ji kuskure bai ga hannu ba, ranar kowa sai ya yi da-na-sanin zuwa. Tun kafin mu iya ɗaure takalmi ake koya mana wannan. Muna fara zabura ta farko tsoho Wilf, mai muryar ƙasa, ya ɗaga nasa har sau biyu.

"Wilf, in kawo maka sanda ka jingina shi?" in ji Baba. Aka yi dariya.

Sai aka zo kan tamu.

Gideon ya fara. Na shiga bayansa. Jama'a, duk abin da zan faɗa a kan Baba, waƙar nan ta yi kyau. Muryata ta hau tasa, tasa ta zagayo ta hau tawa, ginin yana karɓa yana maido mana kamar akwai wasu mu biyu a can sama cikin duhun rufi suna amsawa. Na ga Baba ya rufe ido. Ƙayar nan tana wuyana, kowane layi tana ƙara shiga, amma ina riƙe. Muka doshi ƙarshe. 'Yan mata suka ja numfashi tare. Na taɓa sautin, zan janye kamar yadda muka shirya.

Ban janye da wuri ba. Wuyana ya gaji, ya saki kansa kaɗan, sai ɗayar ta leƙo. Kaɗawa biyu ko uku, ba ta fi haka ba, kamar kifi ya juya a ƙarƙashin ruwa. Nan take Gideon ya ƙara ƙarfi ya danne ta.

Baba ya buɗe ido. Ya karkata kunnen dama yana bin layin 'yan mata ɗaya bayan ɗaya. Bai san wace ce ba. Na rantse muku bai sani ba. Mu goma sha wani abu ne a kan sautin nan, ga mai ciki, ga wadda ta shekara ba ta yi waƙa ba. Da an wuce shi ke nan.

Sai na ga idon kowa a kaina. Na duba. Hannuna na dama yana sama.

Ban aike shi ba. Shi ya tashi da kansa, yadda ya saba tun yana ɗan ƙarami, a miƙe, yatsu a haɗe, irin yadda Baba ke so. Ta gefen ido na ga Gideon ya yi wuf ya ɗaga nasa.

Baba ya sauke hannayensa. Mai kaɗa ogan, babban piyanon coci, ya tsaya. Muka jira ginin ya gama haɗiye abin da ya rage.

"Gideon, sauke. Ba ka iya ƙarya ba, kada ka fara koyo a gabana." Ya juyo. "Hester. Wannan ba kuskure ba ne. Kuskure na san kamanninsa. Daga layin ƙarshe. Ke kaɗai, ba kiɗa."

"Malam, ina ga mura ce take..." in ji Gideon.

"Na tambaye ka?"

Philippa ta matsa kaɗan daga jikina. Na ɗaga takardar waƙar.

Ina iya yi. Ku sani, ina iya yi. In ɗage wuya, in ƙanƙame harshe, in ba shi zarensa fari, yau da gobe, in ya so ranar Litinin in tsaya gaban mutanen London in buɗe baki iska ta fito. Har na fara ɗage wuyan. Ƙayar ta soke ni sai da idona ya kawo ruwa. A nan ne na ji raina ya ce a'a. Ba da ƙarfi ba. Kamar dai yadda yaro ke ture cokali idan ya ƙoshi.

Na sauke kafaɗu. Na buɗe haƙarƙari har jar rigar ta matse ni. Na sake ta.

Ban taɓa jin ta a wuri mai girma haka ba. Ta fita ta bi tsakiyar coci, ta haye kujeru, ta bugi babbar ƙofar yamma ta dawo, ta tarar da ni ban gama ba. Ta hau sama ta cika rufin. Wata tattabara da ta kwana biyu a maƙale a can ta tashi fir tana zagaya. Kalmomin kuwa, gaskiyar Baba, sun narke, ba mai iya tsintar ko ɗaya. Amma wuyana bai yi ciwo ba. Karon farko tun da na sauka daga jirgi, babu abin da ke min ciwo.

Na rufe baki. Ginin ya ci gaba ba ni, ya daɗe, sannan ya yi shiru.

"Kai!" in ji tsoho Wilf daga baya. Wani ya zungure shi.

Baba ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya tako a hankali har gabana. Ban taɓa lura ya gajarce haka ba.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Ba wanda ya yi min, Baba. Tawa ce. Ranar Litinin zan kai ta London, gidan opera."

Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin da ya riga ya sani.

"Kyakkyawa ce," ya ce. "Ban taɓa jin kamarta ba sai sau ɗaya. Amma ba ta ginin nan ba ce."

Ya miƙo hannu. Na ɗauka fuskata zai taɓa. Takardar ya zare daga hannuna, a hankali, ya miƙa wa Philippa.

"Kin iya karatun waƙa har yanzu, ko haƙora sun cinye?"

"Malam, ni... ai ta Hester ce."

"Ta wanda zai iya tsayawa a layi ce." Ya koma wurinsa, ya ɗaga hannu. Bai sake kallona ba. "Daga farko. Gideon, ba mu sauti."

Gideon ne ke riƙe ɗan ƙarfen nan mai baki biyu da ake ɗaukar sauti da shi. Yana hannunsa. Duk ƙungiyar ta zuba masa ido, ni ma haka. Ban san abin da nake jira ba. Wataƙila ya ajiye shi. Wataƙila ya ce Malam, in ba da ita ba, ba da ni ba. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da kujerar da ya yi shekaru yana jira, kuma mai kalmar yana tsaye hannu a sama. Ya kalle ni, fuskarsa ta yi ja har cikin gemu. Leɓensa ya motsa, kamar yana cewa yi haƙuri.

Ya buga ƙarfen a gwiwa, ya kai kunne, ya ba su sauti.

Na fita daga layi. Sai da na bi ta gaban mutum shida, kowacce tana janye ƙafa ba ta ɗago ba. Na miƙe tsakiyar coci, takalmina na ƙara a kan duwatsun kaburburan da ke shimfiɗe a daɓen cocin. A can baya, kusa da ƙofa, Mama na tsaye cikin bokitan furannin gobe, almakashi a hannu. Ta ji komai. Zan wuce ta cafke wuyan hannuna da jiƙaƙƙen hannunta.

"Kin huta?" ta ce. Idonta jajir. "Kin ji daɗi?"

"Mama, sake ni."

"Saurara. Rigarki na gama ta, ta ishe ki yanzu. Gobe za ki sa ta ki zauna a layin gaba. Bayan sujada yaron nan zai durƙusa ya nemi aurenki a gaban duk garin, ubanki ya riga ya sa albarka. Ya rasa waƙarsa yau. Kada ki sa ya rasa wannan ma."

A bayana aka fara. Gideon ya shiga, Philippa ta bi shi. Na tsaya ina saurare ba da son raina ba. Muryarta ta hau tasa, tasa ta zagayo ta hau tata. Tun ina yarinya nake jin ana cewa ni da Gideon Allah ya yi muryoyinmu don juna, kuma na yarda, a kan wannan na gina duk abin da nake ji game da shi. Na kasa kunne iya ƙarfina, ni da na san numfashinsa kamar nawa, ina neman inda tasa ta ƙare tata ta fara.

Ban samu ba. Ashe da kowa yake haɗuwa.

Mama ta ƙara matse hannuna.

"Hester. Idan ya durƙusa, me za ki ce masa?"